Yadda Ake Tace Takardun da Suka Taru a Gida Shekara da Shekaru

A gidaje da yawa akwai wata jakar bakko ko tsohuwar adaka a saman sif ko ƙarƙashin gado, inda duk takardar da ta shigo gidan take ƙarewa. Takardar wuta tun zamanin NEPA, katin ɗaurin aure, rasit ɗin kuɗin makaranta, katin asibiti, sakamakon jarrabawar yaran da yanzu su ma sun yi 'ya'ya, duk a cakuɗe. A tsakiyarsu kuma akwai takardar cinikin gidan da ake zaune a ciki, an ninke ta huɗu, gefenta ya fara cinyewa. Takardun da rasa su zai jawo wa gida asara ta gaske ba su da yawa, amma tarkacen da ya binne su ne yake sa a kasa gano su ranar da ake nema, ko a haɗa da su a ƙona ranar da aka gaji aka ce a share komai. Saboda haka aikin yana farawa da ciro waɗannan 'yan kaɗan ɗin. Zubarwa ita ce ta ƙarshe.

Shiri kafin a zazzage jaka

A tanadi kwali huɗu, irin na taliya ko na sabulu ya isa, da alƙalamin maka, da fayil goma zuwa goma sha biyar, da fakiti ɗaya na ledar saka takarda mai buɗaɗɗen baki, da manyan ambulan. A shimfiɗa tabarma a ɗakin da za a iya rufewa, a kashe fanka, a hana yara shiga. Kada a ajiye shayi ko ruwa a kan tabarmar. Idan jakar ta daɗe ba a buɗe ba, a sa takunkumi, domin ƙurar tsohuwar takarda da kashin kyankyaso suna tayar da asma da mura. A fara zazzage ta a tsakar gida tukuna, ko da kunama ko ɓera a ciki.

A tattaro takardun gidan gaba ɗaya wuri guda: na durowa, na ƙarƙashin katifa, na aljihun mota, na cikin littattafai, na jakar hannun uwargida. In aka bar wasu a baya, za a yi ta yanke hukunci a kan kwafi alhali asalin yana wani ɗaki. Kuma a yi aikin awa biyu a rana, a tashi. Bayan awa biyu ido ya gaji, kuma gajiyayyen ido ne yake jefa takardar fili cikin kwalin shara.

A rubuta a jikin kwalayen: na har abada, na ɗan lokaci, na zubarwa, ban sani ba. Kowace takarda aka ɗauka, tambaya ɗaya za a yi mata: idan wannan ta ɓata, me zai ci kafin a sake samun irinta? Wadda sai an je kotu, ko ofishin 'yan sanda, ko an nemo shaidun da wasunsu sun rasu, ta shiga kwali na farko. A zagayen farko ba a tsayawa karatu. A duba kan takardar da kwanan watanta, a ajiye, a ɗauki ta gaba. Amma kowace ambulan a buɗe ta, kowane littafi a girgiza shi, don mutane sun saba ɓoye muhimmiyar takarda a cikin abin da ba shi da alaƙa da ita.

Ranar farko ba a ƙona komai, ba a yaga komai. Kwalin zubarwa ya kwana bakwai a rufe, sannan wani babba daban a gidan ya sake bi ta kansa. Maigida ba lallai ya san darajar katin awon cikin matarsa ba, ita ma ba lallai ta san cewa wata 'yar guntuwar takarda mai lamba ita ce shaidar fayil ɗinsa a ma'aikatar ƙasa ba.

Kwali na farko: abin da ba a taɓa zubarwa

Takardun fili da gida su ne kan gaba. Takardar mallaka ta gwamnati, wato C of O, wadda gwamna ke bayarwa ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, da taswirar safiyo mai lambobin duwatsun iyaka, da takardar ba da fili, da izinin gini, da duk rasit ɗin harajin fili. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya ga tsohuwar takardar ciniki da sunan wani baƙo, ya ce ba tasa ba ce. Tasa ce. Idan fili ya bi ta hannu huɗu kafin ya iso gare ka, kowace takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu tsani ce da ke kai wa ga mai asali. Ranar da magadan wani daga cikinsu suka taso da rigima, wannan jerin ne alƙali zai bi. A jera su daga mafi tsufa zuwa sabuwa, a sa su fayil ɗaya. Idan fili gado ne, takardar rabon gado ta kotu ta shiga cikinsu. Lambar fayil ɗin da aka buɗe a hukumar kula da bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a rubuta ta ɓaro-ɓaro a bangon fayil ɗin.

Sai takardun shaidar mutum: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, takardar NIN, takardar aure, takardar saki, takardar rasuwa. Tsohon fasfo da ya ƙare ma ba a yar da shi, domin bizar da ke ciki ita ce tarihin tafiye-tafiyen mutum, kuma ofisoshin jakadanci suna neman gani.

Takardun karatu: shaidar gama firamare, satifiket ɗin WAEC da NECO, takardar samun gurbi ta JAMB, ta digiri ko difloma, da ta kammala bautar ƙasa. A riƙe su da kyau. WAEC ba ta sake buga satifiket ɗin da ya ɓata kamar na farko, takardar tabbatar da sakamako take bayarwa, haka ma NYSC wasiƙar tabbatarwa take bayarwa, kuma kafin a kai can sai an yi rantsuwa a kotu an karɓo rahoton 'yan sanda.

Ma'aikacin gwamnati ya kula da wannan sosai. Takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa a aiki, kowace takardar ƙarin girma, ta canjin wurin aiki, da takardar lambar asusun fansho, duk na har abada ne. Takardun albashi na wata-wata suna da yawa, kuma mutum zai so ya rage su, amma a bi a hankali. Sabon tsarin fansho ya fara ne a 2004, kuma ma'aikacin tarayya da ya kama aiki kafin lokacin, idan ya zo tantancewar ritaya, ana neman shaidar matakin albashinsa kamar yadda yake a ƙarshen Yunin 2004, don a lissafa haƙƙinsa na shekarun baya. Takardar da ta yi shekara ashirin tana kwance, ta yi ja, ita ce za a tambaya. Hanya mafi aminci: a ajiye ta Janairu, ta Yuni da ta Disamba na kowace shekara, da ta duk watan da albashi ya canza. Wanda bai yi ritaya ba tukuna kuma yana da wuri, ya ajiye duka. Ba su fi fayil biyu ba.

Na lafiya: katin rigakafin kowane yaro, katin allurar shawara mai launin ɗorawa, wanda tun 2016 ake karɓarsa na tsawon rai, sakamakon gwajin jinin sikila da rukunin jini, bayanin tiyata, da duk takardar da ta nuna maganin da jikin mutum ba ya karɓa. Mai ciwon suga, hawan jini ko ƙoda ya ajiye sakamakon gwaje-gwajensa a jere da kwanan wata, domin likita yana son ganin yadda lambobin suke tafiya. Katin asibiti kuwa lambar da ke jiki ce darajarsa. Da ita ake ciro fayil.

Tunda takardun shaida sun haɗu wuri ɗaya, a yi amfani da damar a gwada su da juna. A shimfiɗa na mutum ɗaya a jere, a duba suna da ranar haihuwa. Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, Muhammadu a ta firamare. Ko sunan gari a matsayin sunan ƙarshe a ɗaya, sunan kaka a ɗaya. Irin wannan saɓani yana tsayar da kuɗin fansho, da fasfo, da ɗaukar aiki. Gyaransa yana cin makonni, gara a fara tun babu abin da ke jira.

Kwali na biyu: masu wa'adi

Takardar wuta da ta ruwa: a ajiye na wata goma sha biyu na baya-bayan nan tare da shaidar biya. Banki yakan nemi wadda ba ta wuce wata uku ba don tabbatar da adireshi. Idan akwai jayayya a kan tsohon bashi da kamfanin wuta, ko KEDCO ne, ko na Kaduna, ko na Jos, ko na Yola, ba a zubar da ko ɗaya sai an daidaita an samu a rubuce. Rasit ɗin sayen mita ya zauna muddin mitar na nan. Takardar lambobi ashirin na katin wuta kuwa, da zarar mita ta karɓa, aikinta ya ƙare.

Rasit ɗin kuɗin makaranta ya zauna har ɗalibi ya karɓi satifiket ɗinsa a hannu. A jami'a da kwaleji, lokacin tantancewar ƙarshe ana iya neman na kowace shekara tun aji ɗaya, kuma wanda ya rasa ɗaya yakan sha zirga-zirga, wani lokaci har ya sake biya.

Haya: yarjejeniya da duk rasit su zauna muddin ana cikin gidan, sannan shekara shida bayan an tashi. Haka takardun haraji, da na kwangila, da bayanan asusun banki na kasuwanci. Dalilin shekara shida shi ne hukumar haraji tana iya waiwayar shekaru shida na baya, kuma dokokin jihohi sun ba da shekara biyar ko shida na kai ƙara a kan yarjejeniya. Takardar bashi daban ce. Ko kai ake bi ko kai kake bi, tana nan har a biya, sannan a rubuta a jikinta cewa an biya, da kwanan wata da sa hannun ɓangarorin biyu, a ci gaba da ajiye ta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma rubutun da aka kasa ganowa bai yi amfanin da aka yi shi dominsa ba. Littafin adashi ma haka, sai zagaye ya cika kowa ya kwasa.

Mota, babur da Keke Napep: takardar kwastam, rasit ɗin saye da takardar canjin mallaka suna bin abin hawan har ranar da aka sayar, a miƙa wa mai saye, a riƙe kwafi da takardar cinikin. Lasisin mota da inshora na shekara-shekara ne. A ajiye na bana da na bara. Rasit ɗin waya ya zauna muddin wayar na hannu, musamman mai ɗauke da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, domin shi ne zai wanke mutum idan aka ce wayar ta sata ce. Na firij, janareta, sola da batir, a haɗa shi da katin garanti.

Akwai rasit ɗin da ba ya jiran wa'adinsa: 'yar siririyar takardar POS da ta manyan kantuna. Ba tawada ce a jikinta ba, zafi ne yake fito da rubutun, don haka zafin ɗaki da hasken rana suke goge shi cikin watanni. Ana gane ta idan aka karce da farce, sai baƙin layi ya fito. Duk wadda ta shafi kuɗi mai nauyi, kamar kuɗin makaranta, haya ko ajiyar kujerar Hajji, a yi mata fotokwafi a makon da aka karɓe ta, a haɗa su tare.

Kwalin "ban sani ba" a sa abin da ke cikinsa a ambulan, a rubuta kwanan wata, a nuna wa wanda ya san fannin: lauya, tsohon ma'aikacin ofishin, ko dattijon gida.

Takardun mamaci da tsofaffin rubuce-rubuce

Takardun wanda ya rasu ba a taɓa su da niyyar ragewa sai an biya bashi, an zartar da wasiyya, an raba gado. Wata 'yar takarda a aljihun rigarsa tana iya zama shaidar bashin da ake binsa, ko amanar wani da ke hannunsa, ko hannun jarin da iyali ba su san da shi ba. A buɗe su a gaban magada biyu ko uku, a rubuta jerin abin da aka samu, kowa ya sa hannu. Wannan yana kashe zargi tun bai tashi ba. Banki da kamfanin fansho za su nemi takardar rasuwa da takardar izinin kula da dukiya daga kotu, don haka duk abin da ke ɗauke da lambar asusu a ware shi.

Idan aka ci karo da wasiƙu na ajami, ko littafin da kaka ya kwafa da hannu, ko takardar naɗin sarauta, ko rasit ɗin haraji da jangali na zamanin En'e, waɗannan sun wuce lissafin amfani. Kada a manna su da salatif, kada a matsa wajen buɗe waɗanda suka manne. A sa su kwance tsakanin farar takarda. Iyalin da ba za su iya adanawa ba suna iya tuntuɓar Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Yadda ake adana waɗanda suka tsira

A cire duk ƙarfen da ke jikinsu. Kilif da allurar sitefula suna tsatsa da damina, tsatsar ta ci takarda ta bar rami. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa da zafin bazara ta manne. Salatif yana yin ja, ya bar tabon da ba ya fita. A warware ninki, domin a kan layin ninki takarda take yagewa, kuma sau da yawa nan ne sa hannu ko hatimi yake.

Mutane suna son lamineshin, amma mu ba ma ba da shawarar a yi wa asalin satifiket ko takardar fili. In an yi, ba a iya cirewa ba tare da ɓarna ba, ba a iya buga sabon hatimi a bayanta, ba a jin tudun hatimin da ke jiki, kuma wasu ofisoshi suna ƙin karɓa. Takardar POS kuwa in ta shiga injin, baƙi ƙirin take fitowa. Ledar saka takarda ta wadatar, takarda ɗaya a leda ɗaya. In ana son abin yawo da shi, a yi wa kwafin lamineshin.

Kowane mutum a gidan ya samu fayil da sunansa. Sai fayil na gida da fili, na abin hawa, na wuta da ruwa, na banki da haraji, na bashi da amana. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowace ta riƙe nata da na 'ya'yanta, maigida ya riƙe kwafi. A cikin bangon kowane fayil a rubuta jerin abin da ke ciki, kuma duk wanda ya ciri asali ya rubuta ranar da inda ya kai.

Fayilolin su shiga adakar ƙarfe mai murfi. Kwali abincin gara ne. A ɗora adakar a kan wani abu da ya kai tsawon gwiwa daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango kamar tafin hannu, musamman bangon ƙasa ko wanda ke jiƙa da damina, kuma kada ta zauna kusa da kicin ko inda ake ajiye fetur. Kafur a ƙulle cikin tsumma a kusurwa yana korar ƙwari, amma kada ya taɓa takarda. Ba a saka takarda mai danshi cikin leda, funfuna za ta yi. Idan ruwa ya taɓa ta, a shimfiɗa a inuwa inda iska ke bi, ba a rana ba, ba da dutsen guga ba. Takardun kwali na farko su zauna cikin jaka ɗaya mai zif a saman adakar, yadda mutum zai ɗauke ta da hannu ɗaya. Ambaliyar da ta ci Maiduguri a Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, cikin dare ta shigo, kuma a irin wannan hali babu mai lokacin bincike.

Kowace takardar kwali na farko a ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, a shimfiɗe, da hasken rana ta taga, kusurwoyi huɗu duk su fito. A ba kowane hoto suna mai ma'ana, kamar "Amina takardar haihuwa 2015". A tura wa kai ta imel ko a ɗora a Google Drive, kada a dogara da wayar kaɗai. In ta WhatsApp za a aika, a aika a matsayin fayil, domin idan aka tura a matsayin hoto yana rage kyansa har ƙananan lambobi su dushe. Wanda ya je shagon kwamfuta aka yi masa sikanin, ya tsaya ya ga an goge daga na'urarsu. Fotokwafin takardun fili kuma a kai saiti ɗaya gidan ɗan'uwa amintacce a wata unguwa.

Zubarwa

A raba kwalin zubarwa kashi uku. Kashi na farko, duk abin da ke ɗauke da aya, hadisi ko sunan Allah: katin ɗaurin aure mai Bismillah, kalanda, littafin Islamiyya da ya yage. Waɗannan ba sa shiga bola. A ƙona su a wuri mai tsabta a binne tokar, ko a binne su inda ba a takawa. Sayyidina Usman ya yi umarni da ƙona sauran kwafe-kwafen Alƙur'ani bayan an haɗa mus'hafi ɗaya, kuma da wannan malamai suke kafa hujja.

Kashi na biyu, duk mai ɗauke da lambar asusu, BVN, NIN, sa hannu, hoton fasfo, lambar waya ko sakamakon asibiti. Waɗannan ba a sayar wa masu sayen takarda. Takardar da aka sayar a kan kilo gobe tana hannun mai ƙosai ko mai tsire, kuma bayanin asusun mutum ya zaga unguwa. Da suna, ranar haihuwa da lambar BVN ɗan damfara yake kiran mutum ya ce daga banki ne, a yarda da shi. In babu injin yanka takarda, a yayyaga su a zuba a bokiti, a cika da ruwa da ɗan omo, su kwana biyu, a dama da sanda har su zama kamar kunu, a matse a zubar. Tsohon katin ATM a yanka shi da almakashi ta kan guntun ƙarfen da kan lambobin.

In ƙonawa za a yi, a yi a cikin rabin durom, kaɗan-kaɗan, da bokitin ruwa a kusa, da safe kafin iska ta tashi. Da hunturu a kiyaye ƙwarai, domin takarda mai ci tana tashi sama ta sauka a kan danni ko rumbun maƙwabci. A cire leda da duk abin da aka yi wa lamineshin, hayaƙinsu yana cutarwa. Damin takarda ba ya cinyewa har ciki, sai an juya shi da ƙarfe. A duba tokar kafin a tashi.

Kashi na uku, jaridu, takardun talla, tsofaffin littattafan rubutu marasa aya, su ne na sayarwa ko na hura wuta. Daga littattafan yara a zaɓi ɗaya ko biyu na kowane yaro a sa a fayil ɗinsa, da sakamakon ƙarshen kowace shekara.

Don kada jakar ta sake cika, a rataye fayil ɗaya a wurin da kowa ya sani, duk takardar da ta shigo gida ta faɗa ciki. Ranar da aka biya kuɗin wuta a kowane wata, a zazzage shi a raba, minti goma ya isa. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwan farko ya sauka, a buɗe adakar, a duba alamar gara da danshi, a fitar da waɗanda wa'adinsu ya cika, a duba ranar ƙarewar fasfo, lasisin tuƙi da inshora, a rubuta su a bangon fayil na farko.